Yadda Ake Zaɓa da Tsara Lokoki a Ɗakin Canza Kaya na Gidan Motsa Jiki

Kafin ka kira mai walda ko kafinta, zauna a bakin ƙofa na mako ɗaya ka ƙirga mutanen da ke ciki a lokacin da wurin ya fi cika. A Zariya galibi bayan sallar asuba ne, sai kuma tsakanin la'asar da magariba. Da wannan adadin za ka yi lissafi, domin waɗanda suka yi rajista ba sa zuwa lokaci ɗaya. Idan mutum 40 ka samu, ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ka yi loka 48, wato ƙananan kabad-kabad na ajiye kaya masu kullewa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tsayi. Lokar da aka saba sayarwa tsayinta kusan santimita 180, faɗi 30, zurfi 45 zuwa 50. Masu son ninka adadi sukan raba ta gida biyu, kowane gida santimita 90. Wannan ya ishi ɗalibin Samaru mai ƙaramar riga da jakar goyo. Amma wanda ya taso daga ofis da kaftanin shadda, in ya rataye shi a gida mai santimita 90, ƙasan rigar zai naɗe a kan takalmi, ya fito da ita duk ta yamutse, gugar wanki ta tashi a banza. A ɓangaren mata abin ya fi tsanani, don abaya da dogon hijabi sai loka mai cikakken tsayi. Saboda haka a gauraya: a wajen maza kashi ɗaya cikin uku su zama dogaye, a wajen mata aƙalla rabi. Kowace doguwa a yi mata kanta a sama don hula ko jakar hannu, da sandar rataye hanga a ƙarƙashin kantar. In fili ya ba da dama, faɗin santimita 40 ya fi 30 sakewa.

Lissafin bango ba wuya: bango mai mita 3.6 yana ɗaukar layi 12 na santimita 30. A bar aƙalla santimita 120 tsakanin layuka masu fuskantar juna, in kuma da benci a tsakiya, kada ya gaza 180. Tsayin benci santimita 45.

Sai abin da za a yi lokar da shi. Katakon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse, yana da kyan gani ranar da aka kawo shi, amma da ya sha ruwan mofa sai gindinsa ya kumbura, kusoshin ƙofa su saki. Ƙarfe ya fi dacewa da aljihun yawancin mutane, muddin kaurinsa ya kai milimita 0.8 zuwa 1. Ka tsaya a kan mai walda ya goge wuraren da ya yi walda, ya shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin fenti na ƙarshe, har ciki da ƙasa inda ido ba ya kai. Daga nan tsatsa take farawa da damina, musamman a watan Agusta da tawul ba ya bushewa.

A ɗora lokokin a kan dakali mai santimita 15, a nisanta su da banɗaki da wurin alwala. A huda ramukan iska a sama da ƙasan kowace ƙofa, in ba haka ba warin gumi da safa zai kama ciki. Rufin sama a yi shi a karkace: ƙurar hunturu ba za ta kwanta sosai ba, kuma ba wanda zai jefa takalmi can. Dole a ɗaure kowane layi da bango da noti, domin doguwar loka mara nauyi tana iya rikitowa kan wanda ya finciki ƙofa.

Maganar kulle kuwa, mafi sauƙi kowa ya zo da kwaɗonsa, ku kuma ku ajiye almakashin yanke ƙarfe saboda masu ɓatar da makulli, kada a yanke sai gaban shaida. In ku za ku ba da makulli, a ɗaura shi a robar da ake sa wa a hannu, mai lamba daidai da ta ƙofa. Kyamara a bakin shiga kawai za a sa ta, ba a cikin ɗakin ba. A liƙa sanarwa cewa ba a kwana da kaya a loka, kuma kowane dare bayan an tashi a bar ƙofofin a buɗe su sha iska.