Yadda Ɗalibin Aji Biyar da Shida Zai Karanci Bayoloji a Sakkwato

Yawancin ɗaliban da ke faɗuwa bayoloji a jarrabawar WAEC da NECO ba rashin karatu ne ke kayar da su ba, sai dai sun ɗauke ta kamar hadda, suna cusa sunaye a ka ba tare da sun taɓa ganin abin da sunan ke nufi ba. Wannan dabara tana iya raka mutum zuwa ƙarshen aji huɗu, amma daga aji biyar darasin yakan koma tambayar dalili: me ya sa abu kaza ya kasance haka, kuma me zai faru idan aka sauya shi. Wanda ke burin karatun likita ko haɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya kamata ya san cewa bayoloji tana cikin darussa huɗu da zai rubuta a JAMB, tare da Turanci da kimistiri da fiziks, kuma jimillar makin 400 ce.

Ka fara da neman manhajar WAEC da ta JAMB, ka ajiye su kusa da littafinka, kana yi wa kowane babi alama idan ka gama shi. Jarrabawar WAEC kashi uku ce: ta zaɓi, da ta dogon bayani, da ta gwaji wadda ake ajiye maka samfuri a kan tebur. Ta ukun ce ta fi ba ɗalibanmu wahala, musamman inda ɗakin gwaje-gwaje ba shi da kaya, kuma a kanta zan fi tsayawa, domin mafi yawan abin da ake bukata yana nan cikin gida da kasuwa.

Ɗauki albasa, wadda ba ma rasa ta a wannan yanki. Ka ɓare ɓawo ɗaya mai tsoka, ka zare siririyar fatar nan ta ciki mai kama da leda, ka shimfiɗa ta a kan gilashi, ka ɗiga mata ruwan aidin. Idan makarantarku tana da madubin ƙara girman abu ko da guda ɗaya ne, za ka ga ƙwayoyin halitta a jere kamar tubalin gini, kowace da bangonta da ɗan ɗigo mai duhu a ciki. Wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya ba zai ƙara mance cewa ƙwayar tsiro tana da bango, ta dabba kuwa ba ta da shi ba. Haka nan darasin osmosis, wato yadda ruwa ke ratsa fatar ƙwayar halitta zuwa ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa: ka yanka dankali sala biyu daidai wa daida, ka jefa ɗaya cikin ruwan gishiri mai kauri, ɗaya cikin ruwan sha, ka dawo bayan awa guda. Na gishirin zai yi laushi ya lanƙwashe saboda ruwa ya fita daga cikinsa, ɗayan kuma zai yi tauri. Gwajin maiƙo ma ka sha yin sa ba ka sani ba, domin takardar da aka ƙunshe maka ƙosai, wadda haske ke ratsa inda mai ya taɓa, ita ce amsar da ake nema. Sitaci kuma yakan koma baƙi-baƙi mai shuɗi idan aidin ya taɓa shi.

Ranar Babbar Sallah aji ce sukutum ga mai karatun bayoloji. Kafin a kai kayan ciki tukunya, ka roƙi Baba ya bar maka zuciyar ragon na ɗan lokaci. Ka tsaga ta daga sama zuwa ƙasa, ka ƙirga ɗakunanta huɗu, sannan ka matsa bangon ɗakunan ƙasa biyu da yatsa. Na hagu ya fi na dama kauri nesa ba kusa ba, saboda shi ke tura jini zuwa dukkan jiki, na dama kuwa huhu kaɗai yake kai wa. Ka raba ƙoda biyu ka ga bambancin launin gefe da na tsakiya, ka duba matsarmama a manne da hanta, ka bi tumbi ka ga yadda cikin dabba mai tuƙa ya kasu huɗu. Na taɓa koyarwa a wata makaranta da ba ta da ko hoton zuciya a bango, sai na riƙa biyawa wurin mahauci da safe ina sayen ta akuya, kuma ɗaliban wannan shekarar ba su sake rikita hagu da dama ba.

A babin muhalli da yadda halittu ke dacewa da wurin zamansu, kada ka tsaya ga misalan littafi alhali na ƙofar gidanku sun fi su. Gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da sabo da rani, shi ya sa manoma ke barin sa a tsakiyar gona ba ya tare wa gero rana. Tumfafiya tana da ganye mai kauri da wani farin shafi da ke rage fitar ruwa. Tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba, kuma wannan kuskure ne da nake yawan gani a takardun ɗalibai. Ka tuge wake daga gona ka duba ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, a nan ƙwayoyin Rhizobium ke zaune suna sama wa shukar naitirojin daga iska. Fadamun gulbin Rima kuma suna koyar da zagayen rayuwar cuta biyu da jarrabawa ke so: sauron Anopheles mai ɗauke da Plasmodium, ƙwayar da ke jawo zazzaɓin cizon sauro, da ƙaramin dodon-koɗin ruwa wanda tsutsar tsargiya ke girma a cikinsa kafin ta ratsa fatar mai wanka.

Babin gado, wato jenetiks, shi ne wanda hadda ba ta aiki a cikinsa ko kaɗan, dole sai ka zauna da fensir kamar mai lissafi. Gregor Mendel ya wallafa sakamakon gwajinsa a kan wani nau'in wake a 1866, inda ya nuna cewa a zuriya ta biyu siffa mai rinjaye tana fitowa sau uku a kan ɗaya na wadda aka rinjaya. Ka gwada wannan da cutar sikila, tunda kowa ya san gidan da ta shafa. Idan uba AS ne uwa ma AS, ka zana akwati mai gida huɗu, za ka samu AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ma'anar wannan ita ce kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama SS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ne kawai zai kamu ba. Ana iya samun biyu a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Ka yi irin wannan akwati ga rukunin jini, sannan ga jinsi, inda za ka ga cewa daga cikin kuromosom 46 na ɗan Adam, wato zaruruwan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, X ko Y da ke zuwa daga uba ne ke sa a haifi mace ko namiji.

Zane yana da ƙa'idojinsa, kuma ana zubar da maki a kansu a banza. Ka yi amfani da fensir mai tsini, layi ɗaya ba kwaskwarima, ba a yin inuwa. Layukan sunaye da rula ake jan su, kada su gitta juna, kuma kowanne ya taɓa daidai sashen da yake nufi. Ka rubuta take, ka nuna ninki nawa zanen ya fi samfurin girma, ka kiyaye tsawon da aka ce, wanda sau da yawa santimita 8 zuwa 10 ne. Sunan kimiyya kalma biyu ne, ta farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, kowace a ja mata layi daban, kamar Adansonia digitata, wato kuka. Ka fahimci darasi da Hausa idan hakan ya fi shiga, har ka bayyana wa ƙaninka, amma ka rubuta kalmomin fannin da Turanci sau da yawa har hannunka ya saba, saboda kuskuren harafi ɗaya a sunan sashe yana iya cinye makinsa.

Game da lokaci, ka tuna cewa watannin ƙarshe kafin jarrabawa suna faɗowa cikin tsananin zafin bazara, lokacin da karatun rana ba ya zama a ka. Ka gama manyan babi tun cikin hunturu, ka bar Maris da Afrilu don tsofaffin tambayoyin jarrabawa, kana amsa su bayan sallar asuba da agogo a gabanka. Duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta babinta a bayan littafi, kuma babin da ya fito sau uku a wannan jeri shi za ka kai wa malaminka a makon.