Tukunyar lantarki mai araha: kurakuran da ke sa kuɗi ya tafi a banza

Tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci da matsin tururi, wadda ake rubuta wa aiki goma ko goma sha biyu a jikin kwali, ta shiga kayan jeren amare, ta cika shagunan Sabon Gari da shafukan Jumia. Ta cancanci a saye ta? Ta cancanta, in wutar gidanku za ta ɗauke ta, kuma an san aikin da aka saye ta dominsa. Aikin nan shi ne dafa abu mai tauri da matsin tururi: wake, ganda, ƙafar saniya, kazar gida. Sauran maɓallan, na shinkafa da na miya da na farfesu, duk abu ɗaya suke yi, lokaci da zafi kawai suke canzawa. Wanda ya ƙara kuɗi don yawan maɓalli, rubutu ya saya.

Babban kuskure ana yin sa tun kafin a kai ta gida, wato rashin duba ƙarfin wutar da take ci. A juya ta a karanta takardar da ke manne a ƙasanta ko a bayanta. Mai lita 6 tana cin wat 1,000 ko kusa da haka, wadda ke da murfin gashi da iska mai zafi kuma tana kaiwa wat 1,500. Ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba, don haka ana danna ta zai shaƙe ya mutu. Inbata mai kVA 1 ita ma ba za ta ɗauka ba, domin abin da take bayarwa a zahiri wajen wat 800 ne. Ko da inbatar babba ce, tukunya mai wat 1,000 tana jan sama da amfiya 80 daga batir mai bolt 12, abin da ke gajarta masa kwana. Masu sola su yi girkin da tsakar rana, lokacin da farantai ke kawo wuta.

Sai batun bolt, musamman a kayan gwanjo. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, ta Amurka kuwa 120. Tukunya samfurin Instant Pot ko Ninja da aka shigo da ita daga Amurka, in aka jona ta kai tsaye, zafin da zai shige ta ya kusa ninka na ƙa'ida sau huɗu, nan take za ta ƙone. Gyaran shi ne taransifoma mai rage wuta ta wat 2,000, kuma kuɗinta yakan cinye arahar da aka samu. Ta Ingila ko ta Turai ba ta da wannan matsala. In kuma kwali ya ce wat 5,000, ƙarya ce tsagwaronta, domin soket ɗin gida mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000 ne. Kamfanin da ya yi ƙarya a nan, kada a amince masa a kan murfin da zai riƙe tururi.

Wuta mai rauni ita ce ke sa mutane su ce tukunyar ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Idan wuta ta sauka zuwa bolt 180, zafin da tukunyar ke samu bai wuce kashi 60 cikin 100 ba da yawa, sai a yi ta jira tururi ya ƙi taruwa. Sitabilaiza mai VA 2,000 zuwa sama ke magance wannan. Ta firij mai VA 1,000 ta yi kaɗan. Kada kuma a jona ta a ƙaramin soket ɗin ja-da-nisa mai siririyar waya. A kai ta soket ɗin bango, in filogi ya yi zafi har ba ya taɓuwa a kira mai gyaran wuta.

Kuɗin wutar bai kai yadda ake tsoro ba. Tana jan cikakken ƙarfinta ne a minti 10 zuwa 15 na farko, bayan nan sai ta riƙa kunnawa tana kashewa. Tukunyar wake ɗaya tana cin kusan rabin yunit. Ko a farashin naira 225 da hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, wannan bai fi naira ɗari da 'yan kai ba. Inda ake asara shi ne barin ta a kan ɗumame yini guda.

A shago, mutane kan duba fuska su bar ciki. A ciro tukunyar cikin a ɗaga ta. In ta yi shafal, siririn alminiyam ne da aka shafa wa baƙin fenti mai hana kamu, wanda ludayin ƙarfe da soson waya ke kankarewa cikin 'yan watanni. Ta silba mai kaurin gindi ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, ko da abinci yakan ɗan kama a cikinta. A tambayi mai shago ko yana sayar da robar murfi da tukunyar ciki daban. Robar nan zobe ce da ke zagaye cikin murfin, ita ke hana tururi fita, kuma tana saki bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tukunya marar suna da ba a samun robarta, ranar da robar ta saki ta gama aiki. Kafin a fara girki a gwada ta da ruwa kofi 3, a sa mata minti 5. Ɗan ƙarfen da ke saman murfi ya kamata ya taso ya kulle, tururi ya daina fita ta gefe. In yana ci gaba da tsartuwa, a mayar da ita tun rasit yana hannu.

Girman ma yana yaudara. Lita 6 ba ta dafa lita 6, saboda ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, wato lita 4. Wake da shinkafa da duk abin da ke kumbura ko kumfa kuwa, rabi ne iyakarsu. Wake kofi 3 da ruwa kofi 9 sun kai layin rabin. Gidan da ake ɗora sanwar mutum goma sha, wannan ba tukunyarsu ba ce, sai dai a tafasa nama a ciki a juye a babbar tukunya. Cika ta fiye da kima yana da haɗari na gaske: kumfa da ɓawon wake suna toshe kafar da tururi ke fita.

Kanwa fa? A bar ta. Ana sa ta ne don wake ya yi saurin nuna, matsin tururi kuwa yana kai ruwa wajen digiri 115, ya yi wannan aikin shi kaɗai. Kanwar ƙara kumfa za ta yi, ta kuma ci alminiyam duk inda fenti ya kankare. Wake da ba a jiƙa ba yana nuna a minti 20 zuwa 25, tsohon wake ya kai 30. Naman sa minti 30, kazar gida 20 zuwa 25, ƙafar saniya 45 zuwa awa ɗaya. A tuna agogon ba ya fara ƙirgawa sai tururi ya taru, don haka a ƙara minti 10 zuwa 15 a farko, da wasu kamar haka a ƙarshe kafin matsin ya sauka. Shi ya sa taliya da ƙwai da ganye ba su da riba a cikinta. Risho ko gas ya fi sauri.

Ruwa ana kuskurensa ta fuska biyu. Ba ya ƙonewa kamar a buɗaɗɗiyar tukunya, saboda haka wadda ta zuba ruwan da ta saba sai shinkafa ta caɓe. Kofi ɗaya na shinkafa 'yar gwamnati, ruwa kofi ɗaya da kwata ya ishe shi, minti 6 zuwa 8, sannan a bar ta minti 10 a rufe. A ɗaya gefen, ba ta aiki da ƙasa da ruwa kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma dole ya zama ruwa tsararo. A nan dafa-duka ke ba da wahala. Tumatirin gwangwani da kayan miyan da aka soya suna kwanciya a gindi su kama, na'urar ta ji zafi ya yi yawa ta rubuta “Burn” ta kashe kanta. Bayan an soya albasa da nama, a zuba romo a kankare gindin tas da cokalin katako, a zuba shinkafa, a ɗora tumatirin a kai ba tare da an juya ba, a rufe. Kuka da busasshiyar kuɓewa ana kaɗa su ne bayan an buɗe murfi. Tuwo kuma a tuƙa shi a tukunyarsa, muciya da wannan fenti ba sa shiri, sai dai a dafa shinkafar tuwon ta yi laushi a ciki sannan a juye.

In an ɗauke wuta ana tsakiyar girki, kada a yi kokawa da murfi. Matuƙar ɗan ƙarfen nan yana sama, akwai matsi a ciki, kuma tukunyoyin araha ba duka ne makullinsu ke da ƙwari ba. A jira ya faɗa da kansa, sau da yawa ma abincin ya ƙarasa nuna da zafin da ke ciki. Haka in an gama wake ko romo mai maiƙo, a bar shi minti 15 kafin a juya makunnin tururi, in ba haka ba ruwan zafi zai yi feshi. A kawar da fuska da hannu, a janye ta daga ƙarƙashin kabad, yara su matsa.

Bayan kowane girki a cire robar a wanke ta daban, a ciro ɗan murfin ƙarfen da ke rufe kafar tururi ta ciki a fitar da abin da ya maƙale. Robar tana riƙe warin daddawa da kifi, don haka mai yin yogot ko kunun madara ta ajiye guda biyu. Gangar jikin ba a tsoma ta a ruwa, goge ta ake yi, kuma a tabbatar bayan tukunyar ciki ya bushe, babu ƙwayar shinkafa a kan farantin zafi, kafin a mayar da ita.