Kafin Ka Sa wa A-kori-kurarka Manyan Nozul

Tawa Hilux ce mai injin 2TR-FE, lita 2.7, silinda huɗu, mai shan fetur. Daga kamfani ƙarfinta yana wajen doki 160, kuma duk wanda ya taɓa loda mata buhunan masara daga Dawanau ya san inda take fara nishi. Shi ya sa na ɗora mata turbo, na'urar da ke hura wa injin ƙarin iska. Ranar da na fara taka ta sosai a hanyar Zariya, sai na ji wata ƙara a cikin injin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, mitar da ke auna iska da mai kuma ta haura 14, wato iska kashi 14 ga mai kashi ɗaya, alhali turbo na hurawa. Nan take na ɗage ƙafa. Iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba. Nozul ɗin da suka zo da motar, wato masu fesa wa injin mai, sun buɗe iya buɗewarsu, ba su da abin da za su ƙara.

Irin wannan motar ce ke buƙatar manyan nozul. Idan injinka yana nan yadda kamfani ya yi shi, salansa kawai ka canza don ta riƙa kuka, riƙe kuɗinka. Nozul mai kawai yake zubawa, ƙarfi kuwa daga yawan iskar da injin ke shaƙa yake zuwa. Ka ƙara mai babu iskar da za ta ƙone shi, hayaƙi ka saya da asarar fetur.

Ka fara da biro da takarda, tun kafin ka doshi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano. Ana auna nozul da yawan cc na man da yake fesawa a minti ɗaya. Ɗauki ƙarfin dokin da kake nema, ka ninka da 0.6 idan akwai turbo, ko 0.5 idan babu. Abin da ya fito ka raba shi da adadin nozul, ka sake rabawa da 0.8, sannan ka ninka da 10.5. Wannan 0.8 ɗin shi ne hutun nozul: ba a so ya wuce kashi 80 cikin 100 na lokacinsa a buɗe, don idan ya kai ƙarshe birenbos, wato kwamfutar motar, ba ta da sauran iko a kansa. Ni doki 250 nake nema da turbo mai hura rabin ba (bar, ma'aunin matsi). Lissafin ya ba ni wajen 490, sai na ɗauki masu 550 don a samu rara. Da wannan lissafin, injin da ba a taɓa ba 260 da 'yan kai yake nema, ka ga kusan ninki biyu ke nan.

Kada kwaɗayi ya kai ka ga masu 1000 wai don gaba. Idan mota na silo, ɗan ƙiftawa kaɗan nozul ke yi. Idan ya cika girma, ko wannan ƙiftawar ta yi wa injin yawa, motar ta riƙa kakkarwa a danja tana mutuwa.

Lambar da ke jikin kwali galibi a matsin mai na ba 3 aka auna ta. Ƙara matsi yana ƙara feshi, amma ba yadda mutane ke zato ba: daga ba 3 zuwa ba 4, kashi 15 cikin 100 kacal za ka samu. Ga kuma turbo yana tura iska ta gaba da bakin nozul, don haka kana buƙatar regileta mai ɗaga matsin mai daidai da hurawar turbo. Famfon cikin tanki ma sai ya iya ciyar da su. Na cire nawa na sa Walbro mai lita 255 a awa, na canza filtar mai a ranar.

A wajen saye, tafi da tsohon nozul ɗaya a aljihu da mitar rewaya. Ka gwada tsawo, da kaurin zoben roba na sama da na ƙasa, da bakin soket. Sannan ka ɗora mita a ƙafafunsa biyu. Masu nuna om 12 zuwa 16 iri ɗaya ne da na yawancin motocin yanzu. Masu nuna 2 zuwa 4 wani jinsi ne daban, suna jan wuta da yawa, suna iya ƙona birenbos ɗin da ba don su aka yi ta ba. Denso da Bosch na gaske suna da kyau, sai dai jabunsu ya yi yawa. Na taɓa sayen saiti mai araha a hannun wani, kwali fes, tambari fes. Da muka ɗora su a injin gwaji mai kwalabe huɗu, kowace kwalba da inda man cikinta ya tsaya, ɗaya ma fitsari yake yi maimakon feshi. Araha ba ta ado. Tun daga ranar ba na ɗaura nozul sai na ga kwalaben sun yi kusan kai ɗaya, kuma sai mai sayarwa ya ba ni takardar bayanansa.

Ɗaurawar ba ta da wuya, wuta ce abin tsoro. Bari injin ya huce. Zare fis ɗin famfon mai, ka tayar da motar har ta mutu da kanta, matsin da ke cikin bututu ya sauka ke nan. Cire kan batir na baƙar waya. A kori mai shan sigari daga wajen, a ajiye tukunyar kashe gobara kusa. Hure ƙurar da ke gindin nozul kafin ka zare komai, domin ƙurar Kano idan ta faɗa ramin, cikin silinda za ta. Kwance kusoshin bututun da nozul ke jere a kai, ka ɗago shi a hankali da tsumma a ƙasa. Sabon zoben roba za ka sa, ka shafa masa ɗan baƙin mai mai tsabta, ka tura kana murzawa. Idan ya ƙi shiga, kada ka sa ƙarfi, zare ka duba. Zobe ɗaya da ya tsage ya isa ya riƙa ɗiga fetur a kan injin mai zafi. Bayan ka mayar da komai, sa a tayar maka kai kana tsaye da tocila kana kallon gindin kowanne, kana shinshinawa.

To, ga inda na yi wauta, kuma nan ne aikin yake. Birenbos ba ta san ka canza komai ba. Tana buɗe sabon nozul daidai lokacin da ta saba buɗe tsoho, shi kuwa yana zuba kusan ninki biyu. Tana iya rage mai da kanta, amma gyaranta bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba, daga nan sai ta kunna maka fitilar injin ta sallama. Ni na ce bari in ɗan zaga unguwa kafin mai saiti, wato mai daidaita birenbos, ya zo. Kwana biyu ina zagawa. Fulogi suka yi baƙi ƙirin, salansa na tusa hayaƙi, da na zaro sandar gwajin baƙin mai na shinshina, fetur zalla. Man da bai ƙone ba yana wanke jikin silinda ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin mai, kuma haka ake cinye ringi da metal. Allah ya taƙaita, juyen mai da sababbin fulogi kawai na yi.

Saboda haka ka shirya mai saiti tun kafin ka kwance kusa ɗaya. Ko a sake rubuta birenbos ɗin, ko a goya mata ƙaramar kwamfuta, ko a sa mai zaman kanta irin su Haltech ko Link. Abu biyu zai shigar daga takardar nan da na ce ka karɓa: girman nozul, da ɗan jinkirin da yake yi kafin ya buɗe. Jinkirin yana canzawa da ƙarfin batir. Idan ba a shigar da shi daidai ba, mota za ta yi lafiya da rana, da dare ka kunna fitila da AC silo ya rikice, ka yi ta zagin rewaya a banza.

Wajen gwaji, idonka a kan mitar iska da mai. A silo da tafiyar yau da kullum ana son 14.7. Idan turbo ya cika hurawa, tsakanin 11.5 da 12. Ka ga ta doshi 13 ƙafarka a ƙasa, ɗage. A sikana kuma, wato na'urar da ke karanta birenbos, gyaran da birenbos ke yi wa mai ya tsaya kusa da sifili, kada ya wuce 10 sama ko ƙasa. Ni na fi son a yi gwajin ƙarshe da tsakar rana a watan Afrilu, da kaya a baya, domin saitin da aka yi da sanyin asuba a lokacin hunturu yakan ba da kunya idan zafi ya zo.

Bayan mako ɗaya, zare fulogi huɗun ka jera su bisa tsarin silinda. Launin ƙasa-ƙasa ake so, kuma su yi kama da juna. Wanda ya fita daban, nozul ɗin silindarsa za ka fara tuhuma. Tsofaffin kuwa na toshe bakinsu na ajiye a gwangwanin madara, ko wata rana zan cire turbo in sayar da motar.