Babi na 6: Ɗaukar Hoton Gyambon Baki Don a Tura wa Likita

Darasi na Ɗaya

Iyayena da 'yan'uwana masu koyo, mafi yawan gyambon baki yakan warke da kansa cikin mako 2. Wanda muke magana a kansa shi ne gyambon da ya kai mako 3 bai warke ba, ko farin tabon da aka goga bai fita ba, ko jan tabo a gefen harshe ko a ƙarƙashinsa, ko kaluluwar da ta fito a wuya ta ƙi sauka. Irin wannan yana iya zama farkon ciwon daji, kuma sau da yawa ba ya zafi a farkonsa, shi ya sa ake yi masa sakaci. Mai shan sigari, da mai sa taba gari a leɓe, da mai shan giya, su ne suka fi kamata su riƙa duba bakinsu. Idan ma'aikacin lafiya na unguwarku ya ce ku turo hoto ta waya don likitan haƙori ya gani, ga yadda ake yi.

Darasi na Biyu

Kada mai gyambon ya ɗauki hoton da kansa, domin hannunsa zai yi rawa. A sami wani ya ɗauka, bayan ya wanke hannunsa da sabulu. A kurkure baki da ruwa, musamman idan an ci goro, saboda jan goro yana rufe launin wurin. A fita tsakar gida da rana, mai gyambon ya fuskanci haske, sannan a goge gilashin kamara na bayan waya da tsumma mai tsabta.

Yanzu ga inda kusan kowa yake faɗuwa a ajinmu. Kafin ka danna maɓallin ɗauka, ka taɓa allon wayar da yatsa daidai kan gyambon, ka jira hoton ya washe. Ka taɓa, ka jira, sannan ka ɗauka. Idan ka ga haƙora sun fito tar amma gyambon ya yi dishi-dishi, to ba ka taɓa wurin ba, sai ka sake. Babu kunya a sakewa, ko sau biyar ne, kuma wanda ya kasa yau zai iya gobe in Allah ya yarda. Ka taɓa gyambon a allo, ba haƙori ba, ba leɓe ba, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci.

Amma dole in faɗi gaskiya, na gaji da ganin hotunan da aka ɗauka cikin ɗaki da dare, ana gaggawa kamar ana kora. Likita ba ya duba da hasashe. Hoton da bai fito ba yana iya sa a ce babu komai alhali akwai, kuma wannan ganganci ne da ran mutum. Ku taɓa allon, ku jira ya washe. A ɗauki hoto biyu, ɗaya kusa, ɗaya da ɗan nisa yadda za a gane ɓangaren bakin.

Darasi na Uku

A haɗa hoton da saƙon murya idan rubutu yana da wuya. A faɗi shekarun mai ciwon, da makon da gyambon ya fara, da ko yana jini, da ko ana shan taba. A tura wa ma'aikacin lafiya shi kaɗai.

Darasi na Huɗu

Hoto ba ya tabbatar da ciwon daji, sai an yanki ɗan naman wurin an auna. Idan likita ya ce a zo, a tafi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya a cikin makon, ko da gyambon ba ya zafi.