Darasi na Tara: Yadda ake amfani da "pick up"

Wata uwa a ajinmu na yamma ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Malam, duba mini abin da makarantar yaron nan ta turo." Saƙon layi ɗaya ne: *Please pick up your child by 1:30.* Ta san *child* yaro ne, ta gane ƙarfe ɗaya da rabi. Ta kuma tuna mun koyi *pick* da ma'anar zaɓa, *up* kuma sama. Da ta haɗa su sai magana ta ƙi zama. Alhali abin da makarantar ke cewa shi ne ta zo ta ɗauki ɗanta kafin ɗaya da rabi ta wuce.

Ba laifinta ba ne. Turanci yana da ɗabi'ar ɗaura wa aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, wata 'yar ƙaramar kalma, irin su *up*, *off*, *in*, *out*, sai ma'ana ta sauya. Su kansu masu harshen sun daɗe da sanin wannan wuri yana ba baƙo wahala. Samuel Johnson, wani marubuci ɗan Ingila, ya faɗi haka a gabatarwar ƙamus ɗinsa na Turanci tun a 1755. Amma mu Hausawa bai kamata abin ya firgita mu ba, don kullum muna yin irinsa. Wanda ya ci gaba ba abinci ya ci ba. Haka wanda ya ci amana, ko ya sha kaye, ko ya sha iska. Ba wanda ke tsayawa ya raba "ci" da "gaba", tare muke jin su. To haka za ku riƙe *pick up*: kalma ɗaya ce mai ƙafa biyu.

Fara da "ɗauka"

Sa'ar da muka yi ita ce kalmarmu ta "ɗauka" tana raka *pick up* har nesa.

Ma'ana ta farko ita ce ɗaukar abu daga ƙasa. *Pick up the broom*, ɗauki tsintsiyar. Daga nan sai ɗauko mutum, kamar a saƙon makarantar. Mai adaidaita sahu da ya tsaya ya kwashi fasinja, da Turanci za a ce *he picked up passengers*. Idan ya sauke su kuwa, *he dropped them off*. Ku koyi waɗannan biyu tare, *pick up* da *drop off*, ɗauka da saukewa, don a bakin makaranta da tashar mota kusan kullum tare suke tafiya. Motar nan ma mai buɗaɗɗen baya da muke kira akori-kura, sunanta da Turanci *pickup*.

Ma'anar da na fi so ku riƙe da kyau ita ce ta karɓo abin da aka tanadar muku, domin ita ce ke zuwa a rubuce, kuma rashin gane ta yana jawo asara. Banki zai turo: *Your card is ready for pick up.* Wato katinka na cirar kuɗi ya fito, je ka karɓa. A asibiti likita zai rubuta takarda ya ce, *Pick up your drugs at the pharmacy*, karɓi maganinki a ɗakin magani. Haka sakamakon gwajin jini, haka ɗinki a wurin tela, haka saƙon da aka aiko a mota. Na ga mutumin da katinsa ya yi wata da watanni a banki, yana ta jira a kira shi, ga saƙo kwance a wayarsa. Irin wannan ne ya sa nake nanata darasin nan.

Sai waya. Mu mukan ce "ɗaga waya" ko "ɗauki waya", su kuma su ce *pick up the phone*. Asalin maganar daga tarho na da ne, mai igiya, wanda sai an ɗaga kansa kafin a yi magana. In an gama a mayar da shi, shi ne *hang up*. A Najeriya za ku ji ana cewa *pick my call*, babu *up*, kuma kowa yana ganewa. Amma Bature ɗan Ingila ko Amurka zai fi cewa *pick up* ko *answer*.

Inda "ɗauka" ba ta kai ba

Akwai wurare uku da sai an yi hattara. Idan ɗan kasuwa ya ce *business is picking up*, yana nufin kasuwa ta fara motsi, kamar yadda ciniki ke buɗewa in an kusa Sallah. Lura, a nan babu wani abu da aka ɗauka, jimlar ta tsaya a *up*.

Idan aka ce *he picked up Yoruba in Ibadan*, to ya tsinci Yarbanci ne a bakin mutane, ba a aji ba, kamar yadda 'yan'uwanmu na unguwar Sabo ke yi. "Tsinta" ta fi dacewa a nan.

Na ukun kuwa ba a fatan ji: *the police picked him up*. Ba rage masa hanya suka yi ba, kama shi suka yi.

Ina ake sa "shi" da "ita"?

Ga ƙa'ida guda da ba ta da sassauci. Idan ka ambaci sunan abin, kana iya sa shi a tsakiya ko a ƙarshe: *pick up the child* da *pick the child up* duk daidai ne. Amma in za ka ce shi, ita, ko su, wato *him*, *her*, *it*, *them*, dole su shiga tsakiya. *Pick him up.* *Pick it up.* Ba a cewa *pick up it*. Ku ɗauka kamar yaro ne tsakanin iyayensa biyu.

Furuci

Harshenmu bai bambanta *p* da *f* ba, shi ya sa da yawanmu ke cewa "fik of". Matsalar ita ce *up* ɗin sai ya yi kama da *off*, wadda kalma ce daban. Ku rufe leɓe ruf, sannan ku sake su da 'yar iska. Ɗauki fallen takarda ka riƙe a gaban bakinka ka ce *pick*. In takardar ta motsa, ka samu. A ƙarshen *up* ma leɓe su haɗu. A faɗe su a haɗe, "pikap". In abin ya riga ya faru ana rubuta *picked*, a furta "pikt".

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama mai kira, ɗaya direba:

*Malam, can you pick me up at the market?*
*Yes, Hajiya. I will pick you up at four.*

Sannan ku sauya *market* da *hospital*, *school*, ko sunan unguwarku.

Ku rubuta waɗannan da Turanci a littafinku:

1. Ɗauki kuɗin nan daga ƙasa.
2. Zan ɗauko ta da ƙarfe biyu.
3. Bai ɗaga waya ba.

Aikin gida

Kowa ya buɗe saƙonnin wayarsa, na banki da na makaranta, ya nemo inda aka rubuta *pick up*. A kwafo jimlar yadda take, a zo da ita aji mai zuwa mu karanta tare.