Yadda ake shirya doguwar tafiyar yawon buɗe ido a kan keke

Wanda bai taɓa ɗora kaya a keke ya kwana a hanya ba yakan ɗauka ƙarfin ƙafa ne abin fargaba. Ƙafa kuwa tana sabawa cikin kwana uku ko huɗu. Abin da ya fi katse wa mutane tafiya shi ne mazaunai da suka saluɓe, da ƙafar keke ta baya da ta fara tsinke waya, da hanyar da aka zaɓa ba a duba tudunta ba. Dukkansu tun a gida ake maganinsu.

Lissafin hanya

Keke mai kaya yana cin kilomita 15 zuwa 18 a awa a kan miƙaƙƙiyar kwalta. Sabon shiga ya tsaya a kan kilomita 50 zuwa 70 a rana, ya huta yini guda bayan kowane kwana huɗu ko biyar. Amma kilomita kaɗai ba ta faɗin gaskiya. Ka buɗe hanyar a manhaja irin su Komoot ko OsmAnd ka ga jimillar hawan da ke cikinta, sannan ka ƙara kamar kwata awa a kan kowace mita 100 ta hawa. Ranar da ke da kilomita 50 da hawan mita 1,000 ta fi ranar kilomita 90 a gefen kogi gajiyarwa nesa ba kusa ba. Hanyar burji ko yashi ma tana iya cinye sulusin gudunka. Ka sauke taswirar cikin waya tun kafin ka tashi, domin inda ka fi bukatarta can ne babu sabis.

A ƙasashen waje akwai hanyoyin da aka tanada musamman don masu keke. Wadda ta fi dacewa da mai farawa ita ce ta gefen kogin Danube, daga Passau a Jamus zuwa Vienna a Ostiriya, kimanin kilomita 320. Kusan duk shimfiɗaɗɗiya ce, ana bin gangaren ruwa, kuma garuruwa na kusa da juna. Wani yanki ne na doguwar hanyar keke ta EuroVelo 6, wadda ta taso daga gaɓar Atilantika a Faransa har Baƙin Teku. A Japan akwai Shimanami Kaido, kimanin kilomita 70 daga Onomichi zuwa Imabari, ana tsallaka tsibirai ta kan gadoji, shuɗin layi a gefen titi yana nuna hanya. Koriya ta Kudu na da hanyar kilomita 633 daga Incheon zuwa Busan. Manya irin su TransAmerica ta Amurka, wadda aka buɗe a 1976 kuma ta haura kilomita 6,700, ko tafiyar Tour d'Afrique daga Alƙahira zuwa Cape Town da aka fara a 2003, a bar su sai an goge.

Kafin duk wannan, ka yi gwaji daga ƙofar gidanka: kilomita 30 ko 40 da cikakken kayanka, ka kwana, ka dawo washegari. Ka bi ƙananan hanyoyi ko da sun fi tsawo, ka kauce wa titin manyan motoci. Duk abin da ba ka taɓa ba a cikin jaka, in ba kayan gyara ba ne ko magani, ka ajiye shi a gida.

Keken da kansa

Ba sai an sayi sabo ba. Abin dubawa na farko shi ne giya mafi sauƙi. Ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba da na babban faifan baya: na gaba ya zama 24 ko 26, na baya 34 ko 36. In na gaba ya fi na baya yawan haƙora, tura keke za ka yi ta yi a tudu, ko gwiwa ta biya bashin. Feda ana juya ta ne da sauri ba nauyi, kamar sau 70 zuwa 90 a minti.

Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 45 ta fi ɗaukar kaya da gargada. Ƙafar baya ta kasance mai waya 36, ko aƙalla 32, kuma mai gyara ya ɗaure su daidai da juna. Sarƙa kuma a auna ta: gaɓa 12 cikakku (kowace ɗaya haɗin gaɓar ciki da ta waje ce) suna da tsawon inci 12, wato santimita 30.5. In ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi, ta miƙe, a canja ta kafin ta cinye haƙoran faifai. Ka sa sabuwar robar birki, domin keke mai kaya a gangare yana cin ta da sauri.

Sirdi shi ne inda aka fi yin kuskure. Ka hau, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alama ce sirdin ya yi ƙasa, a bayan gwiwa kuma ya yi sama. Gyara shi da milimita uku zuwa biyar a lokaci guda. Sirdi mai laushin soso yana da daɗi a mintin farko, amma bayan awa uku naman jiki ya nutse cikinsa yana gugar fata. Mai ɗan tauri wanda ya dace da faɗin ƙashin zamanka ya fi. Kada kuma ka sa sabon sirdi ana gobe tafiya. Wandon keke mai matashi ana sa shi ne ba ɗan kamfai a ciki, a wanke shi kowane dare, shi ya sa ake tafiya da biyu.

Ɗaurin kaya

Mai kwana a masauki kilo 8 zuwa 10 ya ishe shi. Mai tanti da kayan girki ya yi ƙoƙari kada ya wuce 20. Jakunkunan da ake ratayawa a gefen kariya sun fi jakar goyo, wadda ke ƙara wa mazaunai nauyi. Abu mai nauyi ya tafi ƙasan jaka, kusa da tsakiyar ƙafa, dama da hagu su yi daidai. In aka jibge komai a saman kariyar baya, gaban keken yakan yi sakayau, a gangare kan ya fara rawa. In hakan ta faru kada ka damƙe birkin gaba: matse ƙarfen bodi na sama da gwiwoyinka, ka rage gudu a hankali, sannan ka mayar da wani kayan gaba. Notocin kariya jijjiga na kwance su, don haka kowace safiya ka zagaya su da alanki.

Ruwa kamar rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, gwargwadon zafi, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishi. A ci ɗan abu duk awa guda, domin yunwar keke ba ta sallama: kana cikin tafiya sai ƙafa ta mutu, kai ya fara juyawa.

Faci da tsinkewar waya

Kayan gyaran da ba a bari su ne tub biyu, faci da sholisho, famfo, abin ɓanɓare taya, alanki daga milimita 3 zuwa 6, mahaɗin sarƙa, man sarƙa, da wayoyin ƙafa uku ko huɗu masu tsawon na kekenka.

Hujin tub yana faɗin abin da ya jawo shi. Ƙananan tsaga biyu a jere na nufin iska ta yi kaɗan har rim ya datse tub a bakin rami. Huji ta ciki, wajen rim, na nufin kyallen da ke rufe kawunan wayoyi ya goce. Huji ɗaya ta waje ƙaya ce ko ƙusa, kuma tana nan maƙale: shafa cikin tayar da yatsa a hankali har ka same ta, in ba haka ba sabon tub ma zai tafi. Wajen faci, goge wurin da sanfefa, shafa sholisho siriri, ka jira kamar minti biyar ya bushe kafin ka manna. Gaggawar manna shi da danshi ce ke sa faci ya ɓalle.

Waya ta fi tsinkewa a ƙafar baya ta ɓangaren sarƙa, kuma can ne ba ta sauyuwa sai an cire faifan giya. In ba ka da abin cirewa, naɗe tsinkakkiyar a jikin ta kusa da ita, sassauta wayoyi biyun da ke maƙwabtaka da ita kaɗan don ƙafar ta rage karkata, buɗe birki, ka lallaɓa zuwa wurin mai gyara.

In za a ƙetare iyaka

Kamfanonin jiragen sama sun bambanta a nauyi da girman kwalin keke, sai ka karanta ƙa'idar naka kafin sayen tikiti. Ana cire feda da ƙafar gaba, a juya kan keke, a rage iskar taya. Fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta dama. Ƙarfen canja giya na baya a kwance shi a naɗe da tsumma, shi ya fi lanƙwashewa a hanya. Batirin keken lantarki yawanci ya zarce iyakar da ake bari a jirgin fasinja, gara haya a can.

Rubuta lambar da ke jikin tayarka, misali 37-622 ko 47-559, domin da ita za ka sami daidai a kowace ƙasa. Bizar Schengen (ta shiga yawancin ƙasashen Turai) ta gajeren zama ba ta wuce kwana 90 a cikin 180. A Ingila, Japan, Kenya da Afirka ta Kudu ta hagu ake tuƙi, kuma an fi mantuwa da safe ko a shataletale. A Ingila da Japan birkin gaba yakan kasance a hannun dama, a Amurka da yawancin Turai a hagu. In keken haya ne, matsa kowane birki kana tsaye ka ga ƙafar da ya kama kafin ka hau titi.