Yadda za ka fahimci kalmar "transit" kafin ka hau jirgi

Idan ka ga "transit" a tikiti ko a allon filin jirgi, ratse ake nufi: wucewa kawai za ka yi ta wurin, ba can ne ƙarshen tafiyarka ba. Wanda ya tashi daga Kano zuwa Jidda ta Addis Ababa, zaman jiran da zai yi a Addis shi ne transit.

A magana ana cewa "in transit", ba "on transit" ba. Idan jami'i ya tambaye ka, ka ce "I am in transit to Jeddah", ka miƙa masa takardar shiga jirgi na biyu. Haka ma kaya: idan ka duba saƙonka ka ga "in transit", yana hanya, ya bar hannun mai aikowa bai iso ba. A Amurka "public transit" na nufin bas da jirgin ƙasa na haya, abin da 'yan Ingila ke ce wa "public transport".

Inda ake samun matsala shi ne filin jirgi. Da ka sauka, bi allon da aka rubuta "Transit", "Transfer" ko "Connecting flights". Kada ka bi ayarin masu zuwa "Arrivals", domin can jami'an shige da fice suke, kuma bizar shiga ƙasar za su nema a hannunka.

Tun a wurin awon kaya ka duba takardar da aka liƙa wa jakarka. Idan Jidda za ka, dole ka ga JED a jiki. Idan ADD kaɗai ka gani, a Addis za a sauke jakar. Wannan yakan faru ne ga wanda ya sayi tikiti biyu daban-daban don neman sauƙi, sai ya zama dole ya fita ya karɓi kayansa, ga shi ba shi da biza. Tikiti ɗaya har ƙarshen tafiya ya fi, ko da ya ɗan fi tsada, don idan jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai saka ka a wani.

Ratse ma yana da bizarsa. Mai fasfon Najeriya ko Ghana da zai canja jirgi a Faransa ko Jamus yana buƙatar bizar ratse ta filin jirgi, ko da ba zai taka waje ba, sai fa idan yana riƙe da bizar wasu ƙasashe irin su Amurka ko Kanada. A Amurka kuwa duk mai ratse sai ya bi ta shige da fice. Ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar kafin ka biya kuɗin tikiti, domin in babu bizar, tun a Kano za a hana ka hawa.

Idan jiran ya wuce awa 24, sunansa ya koma "stopover".